Neman shawara: ina so in ratsa hamada a kan babur ni kaɗai

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe da burin yin doguwar tafiya a kan babur ta cikin hamada, kuma bana na sami hutun mako biyu, don haka na tsara hanya mai tsawon kusan kilomita 2,000, duk a kan kwalta. Tankin babur ɗina yana cin lita 15, kuma lita ɗaya tana kai ni kilomita 25, wato cikin tanki ɗaya zai kai ni kilomita 375. A taswira akwai wani tsakani mai kilomita 300 da babu gidan mai, ina ganin zan ƙetare shi ba tare da jarka ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya su duba lissafina, su kuma faɗa mini abin da na manta.

Wani tsohon matafiyi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan lissafi na babur ne marar kaya. Idan ka ɗaure ruwa da tanti da kayan gyara, ka riƙe gudu na sa'o'i, sannan iska ta taso ta gabanka babu dutse ko itacen da zai tare ta, litar da ke ba ka kilomita 25 za ta iya komawa 19, kuma a hakan tankinka zai ƙafe a kilomita 285, saura 15 ka isa. Ban da haka, taswira ba ta gaya maka ko gidan man yana buɗe, ko tankarsa ta zo a makon. Kafin ka tashi, ɗaure kayanka duka, cika tanki, ka hau babbar hanya har man ya kusa ƙarewa. Abin da ka gani a ranar shi ne lissafinka na gaskiya. Ka tafi da jarkar da za ta sa ka isa kowane zango da ragowar kashi ɗaya cikin uku, kuma duk gidan man da ka tarar ka cika, ko da lita biyu kawai tankin zai karɓa.

Sai kuma gyangyaɗi, wanda ba kowa yake ambatarsa ba. A hanyar Eyre ta Ostareliya akwai wurin da kwalta ta miƙe sama da kilomita 146 babu kwana ko ɗaya, kuma irin wannan miƙaƙƙiyar hanya tana kashe wa mutum jiki har ido ya rufe bai sani ba. Ka riƙa sauka bayan kowace sa'a ko sa'a ɗaya da rabi. Kada ka yi tafiya da magariba ko da dare, domin lokacin ne dabbobi suke fitowa kan titi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Malam, ni ruwa zan yi maka magana a kai. A busasshiyar iska gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka zaci ba ka rasa komai ba. Ka sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, kuma ka raba ruwan a robobi daban-daban don kada ɗaya ta fashe ka rasa duka. Idan zafin iska ya wuce na jiki, buɗe ƙirji ga iskar ƙara maka zafi yake yi, gara ka jiƙa rigar ciki ka rufe ta sama. Fitsari mai duhu, ciwon kai da jiri alamu ne na ka tsaya a inuwa nan take.

Wani bakanike:
Ka koyi cire taya da yin faci a gida da hannunka, da kayan da za ka tafi da su kawai. Ka riƙe famfon iska, wayar kuloci, filogi da mahaɗin sarƙa, ka auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ka kuma riƙa duba matatar iska saboda ƙura.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, na janye batun tafiya babu jarka. To idan babur ya lalace a inda babu sabis fa?

Tsohon matafiyin:
A ganina da za ka sami abokin tafiya da ya fi, amma tunda ka ƙudura, ka nemi na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, ko mai aika sigina a kan mita 406 MHz ta tsarin neman agaji na ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat, ko irin Garmin inReach mai aika saƙo, kuma a jikinka za ka rataya ta, domin idan ka faɗi babur yana iya yin nisa da kai. Ka bar wa wani amintacce jerin zangunanka da lokacin da zai kira hukuma idan bai ji daga gare ka ba. In babur ya tsaya, ka kafa inuwa a gefensa ka zauna, domin masu nema sun fi saurin hango babur a bakin titi fiye da mutum ɗaya a cikin rairayi.