Sherlock Holmes: ba ya jin sha'awar kowa ne, ko dannewa yake yi?

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai na gama littafin wannan watan, kuma ga abin da na fito da shi: Sherlock Holmes, mai binciken laifukan nan na cikin labarai, ba ya jin sha'awar kowa, mace ko namiji. Ba rantsuwa ya yi ba, ba wata ce ta yaudare shi yana saurayi ba, haka marubucinsa Conan Doyle ya gina shi. Ku duba The Sign of Four na 1890. Mary Morstan ta kawo kukanta ta fita, Watson, abokin Holmes, ya juyo ya ce kai, wannan yarinya akwai kyau. Holmes ya ce, "Haka ne? Ban lura ba." A littafin nan ne fa ya kalli jar ƙasar da ke takalmin Watson ya gaya masa gidan wayar da ya je da safe. Mai irin wannan idon ne bai ga kyan mace ba?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki ƙarasa littafin mana har bangon baya. Da Watson ya gaya masa zai auri Mary ɗin, me ya ce? Cewa ya yi so abu ne na zuciya, abin zuciya kuwa yana karo da sanyin hankalin da ya ɗora sama da komai, don haka shi ba zai yi aure ba, kada hukuncinsa ya karkata. Wanda ba ya jin ƙishi ba ya tsayawa kawo dalilin ƙin shan ruwa. Tunda har yana tsoron karkata, akwai abin da ke jan sa. Steven Moffat, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka shirya Sherlock, fim ɗin BBC mai dogon zango na 2010, shi ma ya taɓa cewa zaɓi ne irin na mai gudun duniya, kuma da a ce ba ya jin komai ne, da labarin ba shi da armashi.

Autan Mama: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Irene Adler fa? Sarki guda ya cire zobe mai tsada ya miƙa masa, ya ce ba ya so, hoton matar kawai za a ba shi. Wallahi duk wanda ya ƙi zobe ya karɓi hoto, ya kamu.

Malamin Adabi: Auta, fim ka kalla ko labarin ka karanta? Doyle ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a kan Holmes, kuma a guda ɗaya tak Irene Adler ta fito da ƙafarta, A Scandal in Bohemia na 1891. A cikinsa wani lauya ta aura, Godfrey Norton, kuma Holmes ɗin ne ya tsaya shaidar ɗaurin auren cikin ɓad-da-kama. Tun a sakin layin farko Watson ya toshe wannan ƙofa, ya ce ba wani abu mai kama da so Holmes ya ji game da ita ba. Ta yi masa wayo ne, ta tsere da hoton da aka aiko shi nema, shi ya sa yake girmama ta. Soyayyar 'yan wasa ne suka ƙara, kuma tun da wuri. William Gillette, ɗan wasan daɓe na Amurka, da yake tsara wasansa na 1899 ya aika wa Doyle waya yana neman izinin yi wa Holmes aure. Doyle ya amsa masa cewa ya aurar da shi, ko ya kashe shi, ko ya yi duk abin da ya ga dama da shi.

Autan Mama: To Allah gafarta Malam, mai kaya ma ya ce a yi yadda aka ga dama. Ni na aurar.

Ɗan Damagaram: Akwai ɓangare na uku da ba ku taɓo ba, kuma su ne suka fi kowa hayaniya a intanet. Ba ra'ayina ba ne, amma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa Watson yake so. A The Three Garridebs na 1924 aka harbi Watson a cinya, Holmes ya rikice, leɓensa na rawa, ya ce wa maharbin da ya kashe Watson da bai fita ɗakin nan da rai ba. A wani labarin na 1926 da Holmes ya bayar da bakinsa, ya ce Watson ya gudu ya bar shi saboda matar da ya aura, kuma shi ne son kai ɗaya da ya taɓa yi masa. Sannan su ce a duba zamanin. A 1885 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta haramta duk wata mu'amala irin wannan tsakanin maza, da ita aka ɗaure marubuci Oscar Wilde shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895. Doyle ya san Wilde, sun ci abinci tare a otal ɗin Langham na Landan a 1889, kuma a zaman nan aka ba Doyle aikin littafin da muke karantawa. Sai su ce ko da ya so faɗa, ba hali. Lokacin fim ɗin BBC wasunsu sun haƙiƙance a zango na huɗu za a bayyana, da ya fito a 2017 ba a yi ba, suka yi ta zagin marubutan.

Uwar Biyu: Wannan ne ke ƙona min rai. An harbi amininka a gabanka, me ake so ka yi, ka ci gaba da shan lofe? Mu nan mun san aminci. Mutum zai yi tafiya ya bar wa amininsa amanar gida da yara, su yi shekara arba'in suna cin tuwo a kwano ɗaya, in ɗaya ya rasu ɗayan ya kwanta ciwo. Ba wanda ya taɓa kawo wani abu a ransa. Kuma amini ya yi ƙorafi don abokinsa ya yi amarya ya daina zuwa majalisa, wane gari ne ba a yi? Dokar 1885 ta nuna abin da Doyle ba zai iya rubutawa ba, ba ta nuna yana son rubutawa ba.

Ɗan Damagaram: Na yarda da wannan, Anti. Amma ki lura, irin hujjarki ce ke cin Baban Khalifa. Shi ma gani yake duk inda aka yi shiru, akwai sha'awar da aka ɓoye.

Autan Mama: Da a Kano yake da tuni an gano matsalar. Aljana ce ta aure shi, a kai shi ruƙiyya. Ko Nalako ya ɗaura masa igiya da azumi a zaga gari da shi.

Nas ɗin Dare: Auta wasa yake yi, amma abin da ya faɗa shi ne dalilin da ya sa wasu suka riƙe Holmes gam. Bari in raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai wanda yake so amma jiki ya ƙi, wannan lalura ce, ana zuwa asibiti, sau da yawa ciwon suga ne ko hawan jini ko wani magani da yake sha. Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau, amma bai taɓa kallon wani mahaluki ya ji wannan jan ba, kuma abin bai dame shi ba sai in an dame shi. Wani mai bincike a Kanada, Anthony Bogaert, ya fitar da nazari a 2004 daga amsoshin dubban mutane a Birtaniya, ya samu kusan kashi 1 cikin 100 sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba. Tun 2001 wani matashi a Amurka, David Jay, ya buɗe musu dandali mai suna AVEN. Irin waɗannan mutanen duk inda suka juya ce musu ake yi ba ku da lafiya, ko ba ku haɗu da wanda ya dace ba, ko asiri aka yi muku. Sai ga jarumin da duniya ta fi sani, ba budurwa ba mata, kuma labarin bai ɗauke shi a nakasasshe ba. Dole su ce namu ne.

Kuma suna da dalilin jin haushi. Jughead na mujallar zane ta Archie, a 2016 an faɗa ƙarara a shafi cewa ba ya jin sha'awar kowa. Shekara na zagayowa aka fara fim ɗin Riverdale, aka haɗa shi soyayya da Betty. Ga wanda aka rubuta baƙi da fari ma an sauya shi, balle Holmes.

Baban Khalifa: Sista, ban musa akwai irin mutanen ba. Malaman fiƙihu ma sun yi magana a kan hukuncin aure ga wanda ba ya jin buƙatarsa. Abin da nake cewa, rashin aure ba shaidar rashin sha'awa ba ne. Imamu Nawawi bai yi aure ba, Ibnu Taimiyya bai yi ba, Ɗabari bai yi ba. Shaikh Abdulfattah Abu Gudda littafi guda ya yi a kan malaman da suka fifita ilmi a kan aure. Aiki yana cinye mutum. Kuma ga Holmes da bakinsa a The Lion's Mane: ya ce ba kasafai mata ke jan hankalinsa ba, domin kullum ƙwaƙwalwarsa ce ke mulkin zuciyarsa. Ba kasafai ba ya ce, bai ce sam ba. A wurin kuma ya tsaya yana yaba fuskar wata Maud Bellamy.

'Yar Gwammaja: Yaya, malaman nan a bar su, ba mu san abin da ke zuciyarsu ba, kuma mutane ne na gaske. Amma ka ƙarasa jimlar Maud ɗin. Cewa ya yi ba saurayin da zai gifta ta gabanta ya tsira. Yana lissafa abin da za ta yi wa wasu ne, bai sa kansa a ciki ba. Gane kyau daban, jin ja daban. A The Devil's Foot kuma ya ce wa Watson kai tsaye bai taɓa so ba. Sannan wanda ke fama da danne zuciya ba zai yi abin da ya yi a labarin Milverton ba. Ya shiga kayan mai gyaran famfo, ya yi ta zance da 'yar aikin gidan, Agatha, har aka yi baiko, don kawai ya san lungunan gidan. Watson ya ce to yarinyar fa? Ya ɗaga kafaɗa. Ko ɗar bai ji ba.

Uwar Biyu: Wannan kuma rashin imani ne, ba rashin sha'awa ba. Allah ya isar wa Agatha.

Nas ɗin Dare: Anti ta yi gaskiya, kuma ƙanwata ki yi hattara da wannan hujjar. Mutanen da kike karewa ba su son ta. Babban abin da ake jifan su da shi ke nan, wai marasa zuciya ne.

Malamin Adabi: Ni matsalata da ku duka ita ce kuna magana kamar akwai wani Holmes a bayan takarda da za a je a tambaya. Doyle ya shekara arba'in yana rubuta shi, daga 1887 zuwa 1927, galibi don kuɗi, har ya gaji ya jefa shi a ruwan Reichenbach a 1893, masu karatu suka matsa ya dawo da shi. Mutumin da ya manta inda aka harbi Watson a yaƙin Afganistan, a littafin farko kafaɗa, a na biyu ƙafa, shi kuke nema wa tsayayyen ra'ayi a kan zuciyar Holmes? A wasiƙarsa ga malaminsa Joseph Bell ya kwatanta Holmes da injin lissafi na Babbage, ya ce yiwuwar ya faɗa soyayya daidai take da ta injin. Daga baya ya tausasa shi, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da rasuwar ɗansa da ƙaninsa. Har kotu an je a kan wannan. A 2020 masu kula da gadon Doyle suka yi ƙarar Netflix a kan fim ɗin Enola Holmes, suna cewa Holmes mai taushin zuciya a labaran ƙarshe kawai yake, waɗanda haƙƙin mallakarsu bai ƙare ba a Amurka a lokacin. Kafin shekarar ta fita aka rufe shari'ar.

'Yar Gwammaja: Allah gafarta Malam, Doyle ya yi ta mantuwa, haka ne. Ya manta raunin Watson, ya rikita lissafin matansa. Amma a labari sittin bai taɓa mantawa ya ba Holmes budurwa ba. Ya tausasa shi, ya sa shi ya kusa kuka a kan aboki, ya mayar da shi ƙauye kiwon zuma, duk da haka bai kawo mace ba. Abu ɗaya da bai sauya ba ke nan. In mai karatu ya ce wannan halittarsa ce, bai ƙara komai a shafi ba. Mai cewa Irene ko Watson ko dannewa, shi ne sai ya kawo abin da ba a rubuta ba.

Baban Khalifa: Dannewa an rubuta. "Kada hukuncina ya karkata." Shafin ƙarshe.

'Yar Gwammaja: Aure ya ce zai karkatar da shi, Yaya. Aure kuwa ko babu sha'awa akwai cefane da surukai.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ya tsaya min shi ne maganar Moffat, wai in ba ya jin komai babu armashi. Mutane sun shekara fiye da ɗari suna sayen littafin nan ba tare da an yi ko riƙe hannu ba. Kuma Elementary na Amurka ya mayar da Watson mace, Lucy Liu, aka yi zango bakwai suna gida ɗaya ba a haɗa su soyayya ba, mutane kuma suka kalla.

Baban Khalifa: A Elementary ɗin Holmes yana kwana da mata, kar ka manta.

Malamin Adabi: Ku bar fina-finan. Kowa ya karanta The Lion's Mane da The Devil's Foot kafin Asabar, gajeru ne. Baban Khalifa, kai za ka karanto mana jimlar Maud gaba ɗayanta, ba rabi ba.

Autan Mama: Malam ni dai ba wanda ya amsa min maganar hoton. In girmamawa ce kawai, me ya hana shi karɓar zoben ya haɗa da hoton?