Farautar Makasa a Wasan Mafiya: Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Gani da Idonsa

Ɗan Gari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da dare muka kammala wani wasan Mafiya da muka kwashe kwana shida muna bugawa a rubuce ta intanet. Wasa ne da makasa ke kashe mutum a ɓoye da dare, da rana kuma kowa ya kaɗa ƙuri'a a rataye wanda ake zargi. Mu goma sha uku ne: makasa uku, mutanen gari goma, cikinsu akwai likita mai kare mutum daga kisa da dare, da mai bincike. Mun sha kaye, kuma abin da ya hana ni barci shi ne ni na jagoranci rataye likitanmu a rana ta biyu. Laifinsa a wurina ɗaya ne, ba ya magana. Sai ya jefo layi guda ya koma gefe. Na tara masa hujjoji, mutum biyar suka biyo bayana, ƙuri'a shida ta cika cikin mu goma sha ɗaya da muka rage. Da alƙalin wasa ya bayyana cewa likita ne, sai da jikina ya yi sanyi. Daga baya ta tabbata biyu cikin biyar ɗin nan makasa ne.

Ina roƙon duk wanda ya taɓa cafke makashi, ko makashi ya taɓa yi masa wasa da hankali, ya ba mu labarin yadda abin ya faru.

Likitar Dare

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na san halin da likitan nan naka ya shiga, don na sha riƙe matsayin. Likita ba ya son a lura da shi, domin ranar da makasa suka gane shi, daren nan za su biyo shi. Shirun da ka gani dabarar tsira ce.

Ni a Town of Salem, wani wasan intanet irin na Mafiya, na fi bugawa, inda ake mutum goma sha biyar kuma kowa yana rubuta wasiyyarsa, wato abin da ya yi kowane dare. Wata rana an matsa wa mai lamba 4, ya ce shi mai gadi ne, wanda ke ganin duk wanda ya ziyarci gidan da ya sa wa ido. Ya liƙo wasiyyarsa tsaf-tsaf. A dare na biyu ya rubuta cewa ya sa ido a gidan mai lamba 7, babu wanda ya shiga. To ni ce na je gidan 7 a wannan daren domin in kare shi. Da mai gadin gaske ne, sunana zai gani. Nan fa zuciyata ta rabu biyu: in yi shiru ya tsira, ko in tona shi in tona kaina. Lokacin magana yana ta ƙarewa. Na rubuta: "Ni ce likita, ina gidan 7 a dare na biyu, ƙarya yake." Aka rataye shi, ya fito ɗan mafiya, wato makashi. A daren na yi amfani da damar kare kai guda ɗaya da likita ke da ita, dare na biye suka gama da ni. Amma gari ya ci.

Abin da nake so ka ɗauka: da kun tambayi likitanku matsayinsa kafin ƙuri'a ta cika, da ya faɗa. Kun ba shi wannan damar?

Ɗan Gari

Ba mu ba shi ba, 'yar'uwa. Ƙuri'u uku na ƙarshe cikin minti goma suka faɗo, shi kuma ba ya kan layi.

Mai Lissafi

To ai a nan maganar take. Ƙuri'u uku cikin minti goma a wasan da rana guda ke cin awa ashirin da huɗu, ruwa ba ya tsami banza.

Ni na daina karanta fuskar magana tun da daɗewa. Wani in ya ji tsoro sai ya yi ta zuba, wani sai ya yi gum, kuma duka biyun suna iya zama masu gaskiya. Abin da nake riƙewa shi ne ƙuri'a. Ina da littafin da nake rubuta wa ya zaɓi wa, a wane lokaci, kuma ƙuri'a nawa ke kan mutumin a lokacin. Baki yana iya canza labari, amma ƙuri'ar da ka kaɗa shekaranjiya tana nan inda ka ajiye ta.

Ga wanda ba zan manta ba. A rana ta uku muka rataye makashi na farko, kuma cikin waɗanda suka zaɓe shi akwai wani ɗan'uwa mai daɗin baki da kowa ya yarda da shi. Bayan haka ma sai yarda ta ƙaru, ana cewa ai da hannunsa aka kama ɓarawo. Na koma littafina. Ƙuri'arsa ita ce ta biyar cikin biyar da ake bukata, ya kaɗa ta ne bayan mutumin ya riga ya faɗa rami. Sai na duba rana ta biyu. A ranar, wannan makashin da wani ɗan gari sun yi kunnen doki, huɗu da huɗu, saura minti ashirin. Wa ya janye daga kan makashin ya koma kan ɗan garin? Shi ne. Dalilin da ya bayar a lokacin: "zuciyata ba ta kwanta ba." Ranar da ƙuri'arsa za ta iya ceto abokinsa, ya cece shi. Ranar da babu sauran ceto, ya tura shi domin ya sayi amincinmu. Na jera lokutan nan biyu a saƙo ɗaya ban ƙara komai ba. Ya yi ta kame-kame har aka rataye shi.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Dmitry Davidoff, a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko ya fara shi a 1986, kuma a kan abu ɗaya ya gina shi: 'yan tsiraru da suka san komai suna fafatawa da masu rinjaye da ba su san komai ba. Wannan sanin shi ke tona su. Ɗan gari yana lalube a duhu, yana zargi yana janyewa. Makashi ya san mai laifi da marar laifi tun daga daren farko, don haka wani lokaci tabbacinsa kan riga hujja zuwa. Na taɓa kama wata da ta ce a rana ta farko, "Ku bar bawan Allah nan, ɗan gari ne," alhali mutumin saƙo biyu kacal ya rubuta. Na tambaye ta ina ta samo wannan tabbacin. Ba ta da amsa.

Shiru-Shiru

Yaya Mai Lissafi, na yarda da batun ƙuri'a, amma kada mu sa Ɗan Gari ya koma yana tsoron taɓa masu shiru. Na ga wasan da makasa biyu suka kai ƙarshe ba tare da kowannensu ya rubuta saƙo goma ba, mutanen gari suna ta cin naman junansu. Mai shiru a matsa masa, wajibi ne. Sai dai a matsa masa da tambaya: wa kake zargi, saboda me? Likita zai ba ka amsa gajeriya mai nama. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai yawan saƙo da in ka tace maganarsa ba ka samun suna ko ɗaya da ya tsaya a kai. Kullum yana cewa "mu yi hattara," "kowa abin zargi ne," yana tambayar alƙali ƙa'idojin da ya sani.

Kura da Fatar Akuya

Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don na fi faɗawa cikin makasa, kuma ina son matsayin.

Ɗan Gari, tambayi kanka abu ɗaya: me ya sa ka kai ƙarshen wasa da ranka? Kai ne ka fi kowa murya, ana bin ka. Da kana kan hanya, da daren farko mun ɗauke ka. A ɗakin makasa haka muke tattaunawa: wannan yana da tasiri amma ya kuskure, a bar shi ya yi mana aiki, wancan ba a sauraronsa amma ya ambaci sunan ɗayanmu sau biyu, shi za a kashe. Don haka duk safiya ku koma ku karanta abin da mamacin ya rubuta jiya. Mu ma mun san kuna yin haka, wani lokaci mukan kashe mutum domin a zargi wanda ya yi rigima da shi, saboda haka kada ya zama hujjarku kaɗai. Amma ku karanta.

Abin da ya fi wahalar da ni a matsayin makashi shi ne ƙirƙirar zargi. Na san mutumin nan ba shi da laifi, amma dole in zauna in haɗa masa tuhuma kamar daga zuciyata ta fito. Akwai daren da wata 'yar'uwa ta ce kowa ya jera sunayen duk waɗanda suka rage, daga wanda ya fi yarda da shi zuwa wanda ya fi zargi, da dalili, cikin minti goma sha biyar. Tafin hannuna ya jiƙe. Ina zan sa abokan aikina biyu? In na sa su sama, ranar da ɗaya ya faɗi zai ja ni. In na sa su ƙasa, sai a ce to zaɓe su. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, alamar ina rubutu tana ta bayyana tana ɓacewa a idon kowa. Na ƙare na cusa su a tsakiya da kalmomi marasa kaifi. Ita kuwa tsakiyar take jira. Washegari ta ce duk jerin mutane akwai zafi ko sanyi a kan waɗannan biyun, ban da nawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na fusata, fushin ya ƙarasa ni.

Ƙanin Kowa

Yayyena ni Among Us na sani, wasan bidiyo da makashi ke ɓoye cikin masu yin ayyuka, tun 2020 da ya yi tashe. A taswirar Skeld, ɗaya daga cikin filayen wasan, akwai ayyukan gama-gari, in ɗaya yana da shi to kowa yana da shi. Wata rana an sa guda ɗaya, kuma haɗa wayoyin lantarki ne ya fito mana. Aka sami gawa, muka tambayi kowa inda yake. Mai launin ja ya ce yana ofis yana goga kati. Babu wanda ke da aikin kati a wannan zagayen. Mu huɗu muka faɗa a lokaci guda, aka wurga shi waje. Tun daga nan in na ga mutum ya hau na'urar awo a ɗakin asibiti hasken ya zagaye shi, nakan manne masa, don makashi ba ya iya yin wannan.

Tsohon Alƙali

Na gudanar da wasanni da dama, kuma kujerar alƙali tana da ciwo, kana ganin komai ba ka da ikon cewa uffan. Abin da na fi gani yana kashe gari shi ne rashin ƙirga kai. Makasa suna ci ne da zarar yawansu ya kai na mutanen gari. In kun rage bakwai, uku makasa, kuskure ɗaya ya gama wasa. Kuma tunda ƙuri'a huɗu ake bukata, ɗan gari guda ya ɗora tasa a kan ɗan'uwansa, ukun nan za su faɗo a kai kafin ya ƙifta ido. A irin wannan rana ba a kaɗa ƙuri'a sai an gama magana kaf.

Na taɓa kallon zagayen ƙarshe na mutum uku. Yarinyar da hukunci ke hannunta ta yi awa biyu tana karanta wasan daga farko, sauran biyun suna ta roƙonta. Ɗaya yana rantsuwa yana tuna mata yadda ya kare ta tun rana ta farko. Ɗayan sun yi faɗa da ita har sau biyu. Ta kaɗa ƙuri'ar rataya a kan mai kare ta. Da na tambaye ta bayan wasa, ta ce wanda suka yi faɗa ya zarge ta ne a lokacin da ita kanta ta san maganarta ta yi kama da ta mai laifi, shi kuwa wancan bai taɓa shakkarta ba ko da daƙiƙa ɗaya. Ta yi daidai.

Sai magana ɗaya, ɗana Ɗan Gari. Ka nemi likitan nan ka yi masa magana. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na rasa ɗan wasa nagari saboda an rataye shi da kalmomin da suka wuce wasa, bai sake dawowa ba.

Ɗan Gari

Na gode Malam, na tura masa saƙo, ya amsa, babu komai a ransa. Ya ce a daren farko ni ya kare.

Na koma na karanta wasan da biro a hannu kamar yadda Mai Lissafi ya ce. Wanda aka kashe a daren farko saƙonsa na ƙarshe tambaya ce ga ɗaya daga cikin makasan, kuma ba a taɓa amsa ta ba. Ni na wuce ta ina neman mai shiru. Ƙuri'a ta huɗu da ta shida a kan likita na makasa ne, tazarar minti bakwai, kuma kafin wannan rana babu ɗayansu da ya taɓa ambatar sunansa. Na ukun bai zaɓe shi ba sam, washegari shi ne ya fara cewa a binciki waɗanda suka rataye likita, ya fara da 'yan garin da ke ciki.

Za a buɗe sabon wasa ranar Asabar, mutum goma sha uku, saura gurbi huɗu. Likitar Dare, Kura, ina so ku shigo.