Bargon da suka rataya a tsakiyar ɗaki: kunya ce ko doka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu kallon tsofaffin finafinan Amurka, na baƙi da farin nan. Daren jiya an ɗauke wuta, zafi ya hana ni barci, sai na kunna It Happened One Night na 1934 a waya. Ban kai rabi ba na ce kai, ai na san labarin nan! Ashe shi Indiyawa suka juya suka yi Dil Hai Ke Manta Nahin na Aamir Khan da muka kalla muna yara. 'Yar attajiri ta tsere wa ubanta, ta haɗu da ɗan jarida a bas ɗin Miyami zuwa Niyok, suna tafe suna cacar baki har so ya shiga.

Ga inda na tsaya. Sun kama ɗaki ɗaya a masauki, sai Clark Gable, wanda ya fito a ɗan jaridan, ya ɗaura igiya tsakanin gadajen biyu, ya rataya bargo, wai ganuwar Yariko ce, wato katangar tsohon birnin nan da ke cikin labarin Baibul. Har fim ya ƙare ban ga sun sumbaci juna ba. Shin Turawan da haka suke da kunya, ko hana su aka yi? Na yi dariya sosai, amma akwai abin da ke cizona a ciki, na kasa gane shi.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Doka ce, ba kunya ba. A 1930 kamfanonin Hollywood suka rubuta wa kansu ƙa'idar tace fim da ake kira dokar Hays, amma aka yi ta yi mata hawan ƙawara har Yulin 1934, lokacin da aka ɗora Joseph Breen, ya zamana fim ba ya fita sai da shaidar ofishinsa. Naka ɗin ya riga wannan tsanani da 'yan watanni, a Fabrairu ya fito, sai dai iskar ta riga ta fara kaɗawa.

Ni kuwa ina ganin takurar nan alheri ta zame musu. Da aka ɗaure musu hannu, sai komai ya koma baki. Nemi His Girl Friday na 1940 ka ji yadda Cary Grant da Rosalind Russell ke hawa kan maganar juna, wannan bai sauke ba waccan ta ɗauka, kamar dillalai biyu a kan saniya ɗaya. Mu nan da aka hana taɓa juna a fim sai muka zuba abin cikin waƙa, su kuma cikin zolaya.

Ka tuna kuma da lokacin. Tattalin arzikinsu ya karye tun 1929, mutane na bin layin abinci. Talaka ya biya kuɗin silima ya ga 'yar mai kuɗi tana kwana a kan ciyawa tana gaigayar ɗanyen karas, ai ransa ya yi fari. Shi ya sa It Happened One Night ɗin ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar biyar, abin da ba a sake yi ba sai da wani fim na 1975.

Maman Walida:
Baba, da girmanka, amma ba ka taɓo abin da ke cizon nasa ba. Ɗan Fagge, koma wurin da ya saɓa ta a kafaɗa zai tsallake rafi. Me ya yi mata? Duka ya ɗaka mata a baya, kuma so ake mu yi dariya. Daga baya har yake gaya wa uban cewa abin da ya dace da ita namiji ne mai ɗan taɓa lafiyarta kullum. A farkon The Philadelphia Story ma Cary Grant tafin hannu ya sa a fuskar Katharine Hepburn ya tunkuɗe ta ƙasa.

Abin da ke ƙona min rai, matan nan sun fi mazan kaifin baki. Minti casa'in mace na juya kowa, minti biyar na ƙarshe sai a lanƙwasa ta. Rosalind Russell ɗin da Baba ke yabo, tsohon mijin da ya yi ta shirya mata makirci ta koma wa, tana biye da shi da akwati a hannu. Ga kuma baƙar fata: in ka gan mu to muna ɗauke da kayan wani ko faranti. Ina kallonsu har gobe, don rigunan da hirar, amma ba na barin Walida ta kalla ba na kusa.

Ɗan Fagge:
Anti kin gama magana, wurin rafin ne wallahi. Na ja baya na sake kallo, dariyar ba ta zo ba. Amma ki bar masa guda ɗaya: uban ya sa ladan dala 10,000 a kan neman 'yarsa, shi kuwa ɗan jaridan ya zo da takarda ya ce a biya shi dala 39 da santi 60 da ya kashe a hanya, ko sisi ba ya so a kai.

Baba, His Girl Friday ɗin nan yana da rubutu a ƙasa? Don in haka suke gudu, Turancina ba zai kamo su ba.