Ibuprofen da dexa: wai aiki ɗaya suke yi?

Malam Habu: Salamu alaikum. Da sanyin nan na Jos, masu ciwon gwiwa sun cika min shagon magani a Bauchi Road. Jiya wani abokin sana'a ya ce min ibuprofen da dexamethasone duk kanwar ja ce, wai COX-2, sinadarin da ke jawo zafi da kumburi, suke kashewa, saboda haka a ba mutum wanda ya fi araha. Ni dai na ga kamar da gaskiyarsa. Ku 'yan jami'a me kuka ce?

Zainab: Wa alaikumus salam Baba. Wallahi ba ɗaya ba ne. Makrofej, ƙwayar garkuwar jiki, in tana zaune lafiya enzayim ɗinta na COX-2 kaɗan ne ƙwarai. Sai irin bakteriyar nan mai sinadarin LPS a bangonta ta shigo, LPS ɗin ya taɓa TLR4, wato mai gadin da ke jikin makrofej, nan take enzayim ɗin IKK ya manna wa furotin IκB fosfet, a narkar da IκB ɗin. To IκB ɗin nan shi ne dabaibayin NF-κB, furotin mai kunna ƙwayoyin gado. Da NF-κB ya kuɓuta sai ya shige cibiyar ƙwayar, ya zauna a goshin ƙwayar gadon COX-2, a fara kwafarta. Cikin 'yan awanni enzayim ɗin ya yawaita, ya haɗa sinadarin prostaglandin, ga zafi ga kumburi. Ibuprofen jira yake a gama ƙera enzayim sannan ya toshe masa baki. Dexa kuwa ƙerawar ce yake hanawa tun daga tushe, ta hanyar danne NF-κB.

Nura: Zainab kin raba abin kamar da wuƙa, ni ban yarda ba. A 1994 masu bincike Kopp da Ghosh sun nuna aspirin, ɗan'uwan ibuprofen, shi ma yana danne NF-κB. Kuma ba NF-κB kaɗai ke kunna COX-2 ba, akwai wasu furotin irinsa, C/EBPβ da CREB.

Zainab: Na biyun na yarda. Amma aspirin ɗin da ya yi wannan aiki a ɗakin gwaji mai yawa ne sosai, ya wuce abin da ƙwaya ɗaya ta ciwon kai ke kaiwa cikin jini. Babban aikinsa shi ne wanda John Vane ya gano a 1971, hana haɗa prostaglandin.

Nura: Duk da haka ina nan a kan bakana, iyakar ba ta kai yadda kike faɗa ba.

Anti Rakiya: Ku bar ni in sa baki, don ni nake ganin marasa lafiyan a asibiti. Malam Habu, NF-κB ba COX-2 kaɗai yake kunnawa ba. Da TNF da IL-6 masu zaburar da garkuwar jiki, da iNOS mai yin iskar da makrofej ke kashe ƙwayoyin cuta da ita, duk yana da hannu a ciki. Mai shan dexa wata da watanni ya rage wa garkuwarsa ƙarfi gaba ɗaya. Tarin fuka da ke kwance yana iya farkawa, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, fuska ta kumbura mutane suna cewa ƙiba ce. Abin yana damuna matuƙa. Ibuprofen shi ma yana taɓa COX-1 mai kare ciki, shi ya sa yake kawo gyambon ciki, yana kuma wahalar da ƙoda. A haɗa su biyun kuwa, haɗarin zubar jini a ciki ƙaruwa yake yi.

Malam Habu: Subhanallah. Akwai wata dattijuwa da ta fi wata uku tana sayen dexa. In ce ta daina yau?

Anti Rakiya: A'a, kada ta yanke kwatsam. Jikinta ya rage yin nasa kotisol, sinadarin da dexa ke kwaikwayo, tana iya faɗuwa. A hankali likita zai riƙa rage mata. Ka turo min ita gobe da safe, ta zo da kwalin maganin.