Wai barin cin nama yana gyara jikin da ya daina jin insulin? Dan Allah masu sani ku taimaka

Maman Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na je asibiti saboda yawan kasala da baccin da yake kwashe ni duk lokacin da na ci abinci, ga bayan wuyana ya yi baƙi kamar datti na dirza har na gaji bai fita ba, likita ta sa aka min gwajin jini, na safe kafin in karya ya nuna 112, ɗayan kuma da suke ce wa HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya nuna 6.0. Ta ce ba ciwon suga ba ne tukunna amma saura kaɗan, wai jikina ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jini, in rage ƙiba in dinga motsa jiki in dawo bayan wata uku. Mahaifiyarmu Allah ya jiƙanta ciwon suga ne ajalinta sai da aka yanke mata yatsun ƙafa, shi yasa hankalina yake a tashe sosai.

To ƙanwata ta turo min bidiyon wani likita a Amurka yana cewa in mutum ya bar nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya ya koma cin abin da ƙasa ta tsirar kawai jikinsa zai dawo yana jin insulin. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne naman ma nawa muke ci? Rabin kilo ake sawa a miyar gidan mutum tara, kowa yanka ɗaya ko biyu, wata rana ma babu. In dai nama ne matsalar ai da ban kamu ba. Gaskiya ne maganar nan ko kuwa, kuma in na bari me zan dinga ci? Nauyina 88 ne.

Abban Sadiq

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Mama ya ba ki lafiya. Ni dai a ganina kar ki wahalar da kanki, nama ba ya ɗaga suga, ki ci tsire ki gwada jininki bayan awa biyu sannan wata rana ki ci malmala biyu ta tuwon shinkafa ki gwada za ki ga bambanci da idonki. Tuwo da shinkafa da biredi da taliya da lemon kwalba su ne masu kashe mu. Ki duba Indiya mana, babu ƙasar da ta kai su yawan mutanen da ba sa cin nama, amma binciken da hukumar binciken lafiyarsu ta fitar a 2023 ya nuna mutum miliyan 101 ke da ciwon suga a can, wasu miliyan 136 kuma suna matakin da kike yanzu. In barin nama magani ne ai da su ne za su fi kowa lafiya. Ki riƙe namanki da ƙwanki ki rage tuwo, shi ke nan.

Sista Ummu Khalil

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya yaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma masu irin sakamakonki muna ganinsu kullum, ki kwantar da hankalinki, matakin da kike shi ne wanda ake iya juyawa. Gwajin safe daga 100 zuwa 125 da HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4 su ne matakin gab da ciwon, sai ya kai 126 ko 6.5 ake kiransa ciwon suga. Baƙin wuyan nan ma ba datti ba ne ki daina dirza, yawan insulin a jini ne yake sa fata ta yi kauri ta yi duhu a wuya da hammata.

Malam Abban Sadiq yana da gaskiya a rabi. Tabbas in aka ci nama suga ba ya tashi nan take, amma tambayarta ba a kan tashin suga na awa biyu ba ce, a kan dalilin da ya sa jiki ya daina jin insulin ne tun farko. Insulin kamar makulli ne da yake buɗe ƙofar tsoka da hanta suga ya shiga, to in kitse ya taru a cikin hanta da cikin tsokar kanta sai ƙofar ta cije, jiki ya yi ta ƙaro insulin kafin ta buɗu, a haka a haka har gaɓar da take samar da shi ta gaji. Shi yasa teɓa ta fi ƙibar cinya haɗari. Ki auna ƙugunki da tef ɗin tela daidai cibiya, ana so kar ya kai rabin tsayinki.

Maganar barin nama kuma ba ƙarya ba ce, akwai bincike a kai. Akwai mabiya wani coci da ake kira Adventist a Amurka da Kanada waɗanda da yawansu ba sa cin nama saboda addininsu, an duba sama da mutum dubu 60 daga cikinsu aka fitar da sakamako a 2009, masu cin nama kashi 7.6 cikin ɗari ke da ciwon suga, waɗanda suka bar nama amma suna shan madara da cin ƙwai kashi 3.2, waɗanda ba sa taɓa komai na dabba kashi 2.9. A 2020 ma an yi gwaji da masu ƙiba 244 na tsawon sati 16, rabi suka koma abincin tsirrai mara mai sosai, suka rage kusan kilo 6, kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma jikinsu ya ƙara jin insulin. Amma ki lura da abu biyu, mutanen nan sun rage nauyi ne kuma ba nama kawai suka bari ba, wake da ganye da hatsin da ba a surfe ba suka maye gurbinsa da su.

Nan ne maganar Indiya ta shigo. Masu bincike a jami'ar Harvard sun raba abincin tsirrai gida biyu a 2016, suka ga masu cin mai kyau, wato hatsi da dusarsa da wake da ganye da 'ya'yan itace, haɗarin ciwon suga ya ragu musu da kusan kashi 34, masu cin farar fulawa da kayan zaƙi da lemo kuwa haɗarin ƙaruwa ya yi da kashi 16 duk da su ma sun rage nama. Fanke da cincin da indomi da garin kwaki da suga da kunun zaƙi duk babu nama a ciki fa. Manja ma daga bishiya yake amma kusan rabinsa irin kitsen nan ne mai daskarewa.

Don haka abin da kika faɗa da bakinki shi ne amsar, yanka ɗaya ko biyu a miya ba shi ya kawo ki nan ba. Bature da yake cinye ƙaton nama da tsiran gwangwani safe da dare in ya bari ya koma wake dole ya ga canji babba, mu kuwa farantinmu dama kusan duk sitaci ne, in kika cire 'yar tsokar nan ba ki sa komai a madadinta ba yunwa za ta dinga kama ki da wuri ki ƙara tuwo, kin ga an koma baya. Abin da ya kamata ki ɗauka daga bidiyon shi ne wake da ganye su zama su ne abincin, tuwo ya zama ɗan rakiya.

Maman Hanif

Sista na gode Allah ya saka da alheri, wlh yanzu na fahimta. To maganar acca da alkama fa? Wata maƙociyarmu mai ciwon suga tuwon alkama kawai take ci tun shekaru, ta ce in sayi buhu. Sannan safe ne ya fi ba ni wahala, shayi da biredi muka saba saboda yara 'yan makaranta.

Hajiya Mai Ɗinki

Maman Hanif bari in faɗa miki yadda nake yi tunda ni ma an taɓa faɗa min irin wannan, kuma nama bai fi sau biyu nake ci a sati ba yanzu, ba don an hana ni ba, tsada ce da kuma na saba. Da safe alale nake turarawa a gwangwani da daddare in ɗumama, ko in dafa wake da alayyahu da albasa da ɗan mai cokali ɗaya, shayi kuma ba suga, satin farko ba daɗi amma baki yana sabawa. Garau-garau na juya shi, da shinkafa ce gwangwani uku wake ɗaya, yanzu wake ya fi shinkafar yawa kuma in yanka kabeji da tumatir da kokwamba su rufe saman. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da rana ya ishe ni har la'asar, da damina ga tafasa ga yakuwa kusan kyauta. Da daddare tuwon dawa malmala ɗaya ƙarama da miyar kuɓewa ko kuka mai yawa da daddawa sosai, in an sa daddawa da kyau ba za ki nemi nama ba.

Awara tana da kyau amma a daina tsoma ta a mai tana iyo, ki sa ta a miyar ganye kamar nama ko ki gasa a tanda da ɗan mai. Ɗanwake kuma ki lura, na yanzu yawanci fulawa da rogo ne ba wake, in za ki yi ki kai niƙan wakenki da kanki. Sannan kar ki ware tukunyarki daban, za ki gaji ki bari cikin wata guda, ki canza wa gidan gaba ɗaya a hankali tunda yaran ma jinin kakarsu ne.

Malam Na Bakin Kasuwa

Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Abu ɗaya zan ƙara saboda na ga wasu suna jin nauyin abin ta fuskar addini. Nama halal ne babu mai haramta shi, amma wanda ya rage ko ya bari don lafiyarsa bisa shawarar likita bai yi laifi ba, kuma in Sallar layya ta zo ki ci rabonki daidai misali. Hadisin nan na raba ciki uku, kaso ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, mun haddace shi amma a gaban faranti muke mantawa. Zoɓo da kunun aya da ake zabga wa suga a gidajen biki ma a sa ido a kansu.

Abban Sadiq

Sista na yarda da bayaninki amma har yanzu ina ganin ƙwai biyu da safe ya fi mata sauƙi a kan jiƙa wake da kai markaɗe kullum, ga gas ya yi tsada wake kuma yana cin wuta. Kuma wasu wake yana kumbura musu ciki.

Sista Ummu Khalil

Malam ai ba mu saɓa ba, ban ce ta bar ƙwai ba, dafaffen ƙwai da safe ya fi biredi da shayi mai suga nesa ba kusa ba. A binciken Adventist ɗin nan ma tazarar masu cin ƙwai da madara da waɗanda ba sa ci 'yar kaɗan ce. Kumburin ciki kuma a jiƙa waken ya kwana a zubar da ruwan, a fara da kaɗan, cikin sati biyu zuwa uku yawanci ciki yana sabawa, jiƙon ma yana rage cin wuta.

Maman Hanif kar ki sayi buhun alkama da sunan magani. Alkama da acca da dawa da gero duk sitaci ne, wanda aka bar masa dusarsa ya fi wanda aka surfe tas, amma in kika ci malmala uku ta alkama mai laushi suga zai tashi kamar kowane tuwo. Yawan shi ne magana. Ki raba faranti, rabi ganye ko miyar ganye, kwata wake ko awara ko kifi ko ƙwai, kwata tuwo ko shinkafa. Lemon kwalba ki yanke shi gaba ɗaya, ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi takwas zuwa tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi an fi so kar a wuce kamar cokali shida a yini.

Kuma kar abinci ya sa ki manta ɗaya rabin maganar likitarki. A babban gwajin da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 kan masu irin matakinki, waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiya minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin kawai kashi 31. A kilo 88 ɗinki kilo 6 ke nan, ba sai kin rame ba. Minti 30 sau biyar a sati, ko zagaye tsakar gida ne minti goma sha biyar bayan kin ci abinci, domin tsoka in tana aiki tana zuƙar suga daga jini ba tare da ta jira insulin sosai ba.

In kuma kin zaɓi ki bar kayan dabba gaba ɗaya kamar yadda mai bidiyon ya ce, to dole ki sha ƙwayar bitamin B12 saboda babu shi a wake ko ganye, rashinsa yana kawo ƙarancin jini da jin ƙafa tana dindiris ko kamar ana tsira allura, sai a ɗauka ciwon suga ne ya taɓa jijiya. Metformin ma in an daɗe ana sha yana rage shi. Mai shan kindirmo mara suga da cin ƙwai tana samun B12 ɗin daidai gwargwado. Ga mu mata kuma akwai maganar ƙarancin jini saboda al'ada da haihuwa, ki dinga matsa lemun tsami ko yanka tumatir a kan wake da ganye, shayi kuma ki ba shi tazarar awa ɗaya da abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Masu karantawa da suke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide dan Allah kar ku rage tuwo farat ɗaya ba tare da likitanku ya gyara muku magani ba, suga yana iya faɗuwa ƙasa mutum ya suma. Mai ciki ko mai shayarwa ko mai ciwon ƙoda ita ma ta fara zuwa asibiti kafin ta canza komai.