Mirya da Maiwurno: awa ɗaya a agogo, amma rana ta ƙi yarda

Ɗan Mirya:
Salamu alaikum jama'a. Ina da kawu a Maiwurno ta Sudan, ƙanen mahaifiyata ne, ya tafi karatu tun ina goye, ya yi aure can ya zauna. A azumin da ya wuce na kira shi wajen ƙarfe biyar da 'yan mintoci, ni ina zaune gindin kuka bayan la'asar, maƙogwaro ya bushe, sai na ji yana tauna dabino. Na ce Kawu, lafiya? Ya ce ai sun sha ruwa. Mu kuwa a Mirya sai da shida da rabi ta gota ladan ya kira. To waya ta nuna mini awa ɗaya ce tsakaninmu da Sudan. Ina sauran minti talatin da wani abu suka fito?

Mushe Habu, Birni:
Wa alaikumus salam. Agogo shawarar gwamnati ce, rana kuwa ba ta san gwamnati ba. Duniya na juya digiri 15 a awa ɗaya, wato digiri ɗaya minti huɗu. Mirya tana kan digiri 9 gabas, Maiwurno ta haura 33. Digiri 24 ke nan da ɗoriya, ka ninka sau huɗu, ka ga awa ɗaya da kusan minti arba'in. Wannan shi ne lissafin ladan. Garuruwan biyu kuma nisansu daga tsakiyar duniya kusan ɗaya ne, duk wajen digiri 13 arewa, don haka tsawon azuminku ɗaya da na kawunka, riga ka farawa kawai ya yi. Kafin Nuwamba 2017 ma awa biyu ce tsakaninmu da su, sai Sudan ta mayar da agogonta baya.

Ko nan gida haka ne. Nijar agogo ɗaya take bi, amma mu a Damagaram muna riga Yamai shan ruwa da kusan rabin awa. Tsakanin Gigimi da Tera kuwa ya kai minti hamsin.

Hajiya ta Zango:
Ɗana, ka tuna mini. Na kwana uku a Maiwurno shekarun baya, wajen dangin mijina. Garin yana bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Abin da ya fara ba ni mamaki ruwa ne: kogi yana gudu rani da damina, ni da na saba bin 'yan garuwa a Zango. Ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi, Mai Wurno, bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Tsofaffi kan yi maka Fulatanci ko Hausa, yara su amsa da Larabci. Ga kisra da wake da safe, sai da na yi kewar fura. Amma da yamma na ga tsire, suna ce masa agashe, na yi ta dariya, na ce wannan ai maganarmu ce.

Tukwane dai ban ga irin na matan Mirya ba. Randar da na saya a kasuwarku ranar Lahadi har yau ita ke sanyaya mana ruwa.

Ɗan Mirya:
Na gode Mushe, yau na gane. Hajiya, Kawu ma randar yake tambaya, da garin kuka. Tun da yaƙi ya tashi a 2023 rezo ba kullum yake shiga ba, sai a yi sati biyu ban ji shi ba. Na riga na gaya masa, azumi mai zuwa in Allah ya kai mu, kada ya sake ɗaukar wayata yana tauna.