Wai fitilar sola ce ta hana yakuwa fure?

Mai Lambun Rigachikun: Salamu alaikum jama'a. Yakuwar da ke ƙarƙashin fitilar solar katangata ta ƙi fure, sai tsawo da ganye, alhali ta ƙarshen lambu har ta fara ƙwallo. Rana ɗaya na shuka su. Yarona ya ce wai hasken fitilar ne.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Alhaji, rabu da zancen yaran zamani. Shuka ido gare ta? Ƙwarin da fitila ke tarawa ne ke cinye furen tun yana toho.

Mai Lambun Rigachikun: Kawu, ko tohon ma babu.

Ɗalibar Samaru: Kawu, a gafarce ni, yaron ya yi gaskiya. Shuka ba ta da ido, amma ganyenta na da wani sinadari, fitokurom, mai sauya kama idan jan haske ya taɓa shi, cikin duhu kuma ya koma yadda yake a hankali. Da shi da agogon jikinta shuka ke auna tsawon dare. Yakuwa da waken suya sai dare ya yi tsawo suke fure. Masana kimiyya Garner da Allard suka fara nuna haka a Amurka a 1920, da taba da waken suya. A 1938 kuma Hamner da Bonner suka gano cewa kunna fitila na ɗan lokaci a tsakar dare ya isa ya hana irin wannan shuka fure. Ta Alhaji kuwa kwana take cikin haske.

Kawu: 'Yata, can ƙasashen sanyi ke nan. A Kaduna dare da rana kunnen doki suke yi.

Tsohon Malamin Gona: Ba kunnen doki ba ne, Yaya. Tsakanin Yuni da Disamba tsawon yininmu na raguwa da awa 1 da 'yan mintoci, kuma dawa na jin abin da bai kai haka ba. Kai ma shaida ne. Ka shuka farafara ko kaura ta gargajiya da ruwan farko, maƙwabcinka ya makara da wata guda, amma kusan tare za su fid da kai gab da ɗaukewar ruwa. Ta farkon tsawon kara kawai za ta fi. Gero kwanakinsa yake ƙirgawa ya nuna, maiwa da dauro kuwa sai sun jira. Wannan jiran ne ke sa ƙwaya ta nuna bayan ruwa, ba ta yi fumfuna ba. Kakanninmu da suka riƙa ware iri, wannan halin suka zaɓa ko da ba su sa masa suna ba.

Kawu: Sanyin kaka ne da raɓa.

Tsohon Malamin Gona: Zafi da sanyi na da nasu hannun, ban musa ba. Amma yakuwar Alhaji duka sanyi ɗaya suke sha.

Hajiya Mai Zoɓo: To farin wata fa? Daren sha huɗu har allura sai ka tsinta. Kuma tumatirina a gindin fitila yake, yana ta 'ya'ya.

Ɗalibar Samaru: Hajiya, idonmu ne ke sabawa da duhu. A ma'aunin haske, cikakken wata bai kai lakis 1 ba, gindin fitilar titi kan kai gommai, rana tsaka kuma har 100,000. Shi tumatir babu ruwansa da tsawon dare, idan ya isa fure ya yi.

Kawu: Ni dai sai na gani. Wa ya duba ko ruwan katanga na kwarara wajen?

Mai Lambun Rigachikun: Kashe fitila dai ba zai yiwu ba, kun san halin ɓarayin kayan lambu. Zan tare gefen yakuwar da falle ɗaya na kwano.

Kawu: To ka bar gindi biyu cikin hasken, kar ka tare duka ka dawo ka ce mana an ci Kawu.